Ranar da Maman Ngozi ta jiƙa Alhaji

Har ƙofar gidan ina nanata wa Maman Ngozi: "Ki ce, Allah ya jiƙansa."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ne. Alhaji maƙwabcinmu a Gyadi-Gyadi ya rasu, mu matan zumuntar coci muka dafa shinkafa muka je wa Hajiyarsa ta'aziyya.

Maman Ngozi, sabuwar zuwa Kano, ta durƙusa: "Hajiya, Allah ya jiƙa shi."

Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya, da ta ƙi abinci tun rasuwar, ta tuntsire da dariya. "Amin 'yata, ya jiƙa shi sharkaf da rahama. Zubo min shinkafar."

Na fi ta Hausa, amma ita ta ciyar da Hajiya. Ku fa, kuskure ya taɓa yi muku rana?