Takardar da Kawu Ya Kawo wa Kaka

Ran Asabar ina hawa matakalar tashar jirgin ƙasa ta Barking a London, wani mutum ya gifta ni da ƙamshin turaren nan mai nauyi na manya. Sai na tsaya cak. Irin ƙamshin da ke riga kawuna shiga zauren gidanmu ne.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. A malamin firamare muka san shi, da kekensa da garin alli a hannun riga. Mutanen yankinmu suka tura shi majalisar jiha, ya yi zango biyu, daga baya gwamna ya ba shi kwamishinan aikin gona. Ka san mutanenmu, gari ya ɗauki murna. Kakata ce kaɗai ba ta yi guɗa ba. Ta ce tun ranar da ya gaishe ta da takalmi a ƙafa ta daina gane ɗanta.

Wata damina, gero ya kai ƙugu, ƙasa na ƙamshin ruwa, ya zo da mutum biyu da takarda. Ya ce gwamnati za ta gina madatsar ruwa, fadamar Kaka na ciki, dangwale kawai ake so. Ta daɗe tana kallon baƙin nan, waɗanda ba su yi mata kama da ma'aikata ba. Sannan ta kira ni, lokacin ina aji shida.

"Zo karanta min, 'yar nan."

"Inna, Turancin ya fi ƙarfinta," in ji Kawu, yana murmushi.

Ba ƙarya ya yi ba. Amma na ga sunan wani kamfani, ban ga na gwamnati ba. Na ɗaga kai, idonsa na kaina. Shi ke saya min littattafai da takalmin makaranta. Na ce, "Ban gane ba, Kaka." Ta dangwala.

Madatsa ba ta zo ba. Aka kewaye fadamar da waya, aka dasa mangwaro. Wasu suka ce kamfanin na surukinsa ne, wasu suka ce shi ma yaudararsa aka yi, don ba a jima ba aka sauke shi. Kaka ba ta sake ambaton fadamar ba har ta rasu, amma shinkafar da yake aiko mata, maƙwabta take raba wa.

Bara ya zo London ganin likita, ya yi sati uku a flat ɗina. Ya tsufa, ya rame. Ni ke yi masa booking ɗin asibiti, ni ke riƙe hannunsa a tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Yana yi wa 'ya'yana Hausa, suna amsa masa da Turanci. Wata safiya na kai masa shayi da niyyar in tambaye shi zancen fadamar, sai ya riga ni.

"Kin taɓa jin kakarki ta ce ta yafe min?"

Na ce ban ji ba. Ya gyaɗa kai. Bai faɗi laifin ba, ni ma ban yi tambayar tawa ba.

Yanzu an ce gidaje sun cinye fadamar, samarin garin ba su ma san an taɓa noma a can ba. Kawu ya koma gida, ana kiransa dattijon jam'iyya. Ni kuwa har yau ban faɗa wa mahaifiyata abin da na gani a takardar nan ba.