Malam Jonathan da Kwamfutar da Aka Lulluɓe

Kullum da safe za ka ga Malam Jonathan yana turo tsohon babur ɗinsa zuwa makarantarmu a Gumel, don ba ya tashi sai an lallashe shi. Mutumin Filato ne, amma nan ya tsufa yana koyar da kemistiri. Ni malamin Hausa ne, ajina na jikin nasa, wallahi har na gaji da jin kalmar "mol".

Mol hanya ce ta ƙirga ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma ita ke kayar da yaranmu duk shekara. A 1998 aka ce in ba wanda ya ci jarrabawa bana, za a rufe ajin kimiyya da zarar Malam ya yi ritaya.

A shekarar ce wata ƙungiya ta ba mu kwamfuta da faifan darasin mol. Sai shugaban makaranta ya lulluɓe ta da zane mai ado kamar kayan ɗaki, wai ba a taɓa ta sai manya sun zo ƙaddamarwa. Manyan ba su zo ba. Malam ya yi ta sintiri har shugaba ya ce, "Ɗauki, in ta lalace kai ka sani."

Ga kwamfuta, babu wuta. Ranar da aka kawo wutar Alhamis ce, rabin ajin sun bi iyayensu kasuwar Maigatari. Kai ne, Malam, ka tafi cikin ranar nan, ka bi rumfa-rumfa kana cewa, "Baffa, a ara mini Ummi zuwa la'asar." Ka cuso yaran a motar haya zuwa makaranta.

Da idona na gani. Sikeli biyu a fuskar kwamfutar, ɗaya ya fi nauyi, amma yawan ƙwayoyin ɗaya ne. Ummi ta ce, "Kai! Ashe kamar dozin ne, Malam. Dozin na ƙwai da dozin na kankana!" Ba ta rufe baki ba aka ɗauke wuta.

Malam ya zauna yana share gumi. "Shekara nawa ina faɗin haka da alli?" ya ce da ni. "To, ba komai, tunda ya shiga."

Ummi da wasu sun ci, ba a rufe ajin ba. Makon jiya Malam ya ajiye alli, kuma ina jin kewarsa. 'Yan'uwana malamai, in an lulluɓe abin da yara ke buƙata, ku yaye zanen. Mun gode, Malam Jonathan. Allah ya huta gajiya.