Awa Biyar da Na Faɗa wa Iya

Har yau in na ji rugugin jirgin sama ya gifta, sai kunya ta ɗan kama ni, in tuna kakata da muke kira Iya, da yadda bakina ya hana ta cin abinci kwana biyu.

Ina aji biyar a firamare, a Tafoki, shekarar da kakanmu Malam ya samu kujerar Makka. Lokacin girbin dawa ne, tsakar gida cike da dammuna, ko'ina ƙamshin sabon hatsi. Kowa na murna ban da Iya. Mahaifinta da ƙafa ya kama hanyar gabas tana ƙarama, kuma bai dawo ba, ko labarinsa ba a sake ji ba.

Ni kuwa sarkin iyayi, na tambayo malaminmu a makaranta, na dawo ina ɗaga kai. Na ce mata daga filin jirgin Katsina zuwa na Jidda awa biyar ne kacal, kamar daga hantsi zuwa bayan azahar.

"To, ba ni sa komi bakina sai ya sauka," in ji ta.

Da asuba mota ta ɗauki Malam ta bi hanyar Kankara. Iya ta shimfiɗa tabarma gindin rumbu, ta ɗauki tasbaha tana duban inuwa. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, shiru. Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shi ne maniyyata kan yi kwanaki a sansanin alhazai suna jiran jirginsu. Ni daga ƙofar gidanmu na fara lissafi.

Washegari ma ruwa kaɗai ta kurɓa. Babata ta dama fura, ta yi lallashi har ta gaji. Iya sai ta ɗaga ido sama, ta ce mata: "Ke 'yar nan, wanga jirgi mai bai ƙare mai? Ina za shi tsaya shi sha?" Na ga leɓenta ya bushe, na san ni na jawo.

Waya ɗaya ce a gidan, ta kawuna, kuma ba ta kamawa sai an hau dutsen bayan gari. Ya yi ta hawa yana sauka, bai samu kowa ba. Sai rana ta uku da hantsi muka hango shi yana gangarowa a guje, yana dariya.

"Iya, Malam na Katsina! Jirginsu sai gobe. Yanzu ma shinkafa yake ci!"

Iya ta ce, "Alhamdu lillahi. Kwana biyu ina riƙe da mutum a sama, ashe yana ƙasa yana cika ciki! Miƙo mani furar nan." Ta shanye ƙwarya guda, sannan ta ja kunnena, ba da zafi ba. Ni dai kuka nake don daɗi.

Yanzu waya na kamawa har cikin ɗaka, har ana iya ganin inda jirgi ya kai a cikinta. Iya ta daɗe da rasuwa. Bara da na tashi tafiya Umara, babata ta tambaye ni awa nawa ne. Na ce mata, "Ci tuwonki tukuna, sai in faɗa maki."