Ƙaiƙayi a Aljihun Rigata

Wata Lahadi cikin watan Mayu na 1985, a ƙauyenmu da ke kusa da Maijirgi, Baba ya shiga majami'a riƙe da rigata ta lakwal, wato ta makarantar boko. Shi ne fastonmu, ni kuwa shekarata goma. Daminar da ta wuce ba ta yi ba, abincinmu ya koma 'ya'yan anza masu ɗaci na daji da dusa, sai 'yar tsabar hatsin da motar soja kan sauke a Tasawa, wadda ba ta kai mu mako. Dattawan ikilisiya suka tara ragowar hatsin kowa a rumbu ɗaya don iri, suka damƙa wa Baba tsaronsa, suka ce ba mai taɓawa sai ruwa ya sauka.

Ni na taɓa. In na dawo da jakinmu daga rijiya da hantsi, sai in biyo ta bayan rumbun, in zura hannu ta inda gara ta ci zana, in zaro zangarniya biyu ko uku, in murje in cika aljihu. Har abokan wasan langa nake ɗiba wa. Da aka ga damman sun rame, zargi ya faɗa kan Goggo Rahila, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda bukkarta ke jikin rumbun. Mata suka daina gaishe ta, wasu suka ce a cire ta daga rabon iri, ita da ba ta da kowa sai 'yar gonarta. Duk ina ji. Mahaifiyata ce ta ga ƙaiƙayi a aljihuna wurin wanki, ta roƙi Baba a kashe maganar cikin gida. Ya ce mata, "In na rufe, Rahila ce za ta ɗauki laifin."

A gaban jama'a ya juye aljihun, ƙaiƙayi ya zubo. Bai kira sunana ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni kuka ba tsaro, kuma a gidana aka ci. A cire daga rabona." Sannan ya taka har tabarmar mata, ya durƙusa gaban Goggo Rahila. Ta ce, "Haba Fasto, tashi mana! Yunwa ce ta ci, ba yaro ba." Baba bai doke ni ba. Da ruwa ya sauka, irinmu ya ƙare a tsakiyar gona, ni kuma Baba ya tura ni na yi wa Goggo shuka da noman fari.

Yau majami'armu ta siminti ce, iri yana cikin magaza, ɗakin ajiya mai kwado, Baba da Goggo duk sun kwanta dama. A ajin manya na koyi karatun Hausa, ina bin littafin ƙa'idodin hidimar fasto layi layi da yatsa. Kowace ƙa'ida na kai, sai in tarar na riga na gan ta a rabin gonar nan da ya shekara ba shuka.