Ranar da Iya Larai Ta Kasa Sifili

Da hantsi ya fara dubawa, Iya Larai ta shimfiɗa buhu a rumfarta da ke bakin hanyar Kusugu, ta shiga kasa albasa yadda ta saba: manya a baya, ƙanana a gaba, mai lawashi kuma a cikin kwano da ɗan ruwa don kada ta yi yaushi. Sai dai a ranar bakinta bai huta ba. Duk wadda ta ɗauka sai ta ɗaga ta sama, ta ce, "Oniyan. Sifili," ta ajiye, ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai.

Malam Kabo mai tattasai, taubashinta kuma maƙwabcin rumfarta, ya leƙo. "Larai, da farar safiya kike kiran sifili a kan haja? Za ki kore mana kasuwa."

"Ji da tattasanka da ya fara laushi, bawana. Yaren surukai nake koyo."

Iya Larai haifaffiyar garin Babban Mutum ce, 'yar manoman rani. A cikin lambu ta yi wayo, aure ya kawo ta Daura, da mijinta ya rasu kuma albasa ce ta riƙe mata gida har 'ya'ya suka kawo ƙarfi. Autanta Musaddiƙ ya sami gurbin karatu a Riga, babban birnin ƙasar Latbiya. A can ya ga wata yarinya mai suna Liga, suka daidaita. Amma uwar yarinyar, Ilze, ta ce ba za ta ba da 'yarta ga gidan da ba ta taɓa ganin fuskar uwarsa ba. Aka sa ganawa ta kiran bidiyo a wannan ranar bayan la'asar. In ta gamsu a yi aure, in ba ta gamsu ba Auta ya haƙura.

Auta ya so ya koya wa uwarsa gaisuwa, ta ƙi. "Gaisuwa ai ko aku ya iya. Mene ne aikin matar?" Da ya ce albasa take nomawa a bayan gidanta, sai Iya ta ce magana ta ƙare, sunayen haja kawai zai turo mata. Ya turo saƙon murya, kowane suna da Turanci, sa'an nan da yaren can. Albasa oniyan ce, su kuma su ce sipols. Tafarnuwa galik ce, a wurinsu kiploks. Lawashi kuwa loki. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakaninsu, shi ya sa sipols bai kwana a bakin Iya ba sai da ya zama sifili.

Da la'asar ta yi, Iya ta sha atamfa da mayafi, Kabo ya riƙe mata wayar. Sai ga Ilze, dattijuwa mai furfura, fuska a murtuke. Liga tana gefenta, Auta yana bayansu yana share gumi a ƙasar da ake kukan sanyi. Iya ta buɗe baki, ta tarar duk abin da ta haddace ya gudu.

"Ce wani abu mana, baiwata," in ji Kabo a hankali. "Yau ina bakin?"

Iya ta wawuri albasa mafi girma, ta kara ta a fuskar wayar. "Sifili!"

Auta ya rufe idanu da tafin hannu. Ilze ta matso, ta ƙura ido. "Sipols?"

"Shi! Shi nake nufi! Sifili!"

Ilze ta miƙe ta fice. Iya ta juya ga Kabo. "Shi ke nan, Kabo, na kashe wa Auta aure."

Ba ta rufe baki ba matar ta dawo da wata doguwar igiyar albasa a wuya, an tufke ganyenta tun daga sama har ƙasa. Iya ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Kabo, dubi albasa da kitso!"

Daga nan aka shiga gasa. Iya ta ɗaga tafarnuwa ta ce, "Kifi-loko!" Ilze ta ɗaga tata ta gyara mata, tana danne dariya. Iya ta ɗaga lawashi ta ce, "Loki," daidai babu kuskure, Ilze ta tafa mata. Sai Ilze ta zaro wata doguwa mai farin gindi, ta ce sunanta puravs, da Turanci kuma lik.

"Farau-farau?" in ji Iya. "Wannan ai albasa ce ta ƙi yin kai, ta zuba tsawo kamar Kabo."

Kabo ya yi ta dariya da wayar a hannu, masu saye suka taru suna leƙe. Da hajar Iya ta ƙare, ta ga matar tana shirin ɗauko wata, sai ta lalubi ƙasan kwando ta fito da wani ɗan dunƙule baƙi-baƙi.

"Auta, yaya suke ce wa gabu?"

Auta ya sosa kai, ya ce Turanci ba shi da shi. Liga ta ce su ma ba su da shi. Dole ya yi bayani: ganyen albasa ne ake dakawa, a dunƙule, a shanya, a riƙa jefawa a miya har shekara ta zagayo. Ilze ta saki baki. Ta ce, "Gabu," tsaf, kamar a Daura aka yanke mata cibiya. Sa'an nan ta yi magana mai tsawo, Liga ta fashe da kuka, Auta ya fassara.

"Iya, ta ce shekara da shekaru tana zubar da ganyen. Ta ce wannan ba abin koyo ta waya ba ne. Ki tanadi turmi, in ta zo biki za ki nuna mata."

Iya ta rangaɗa guɗar da sai da akuyoyin layin suka watse. Kafin a kira magariba ta tattara lawashin da ya kwantai, ta kai gida ta daka shi tana waƙa, ta dunƙule, ta jera a kan faifai, ta ɗora bisa rufin kicin inda kaji ba za su kai ba.