Kazar Inna Kulu a Kan Babur Ɗina

Duk wanda ya taɓa kwanciya ciwo a gidan Inna Kulu ya san abin da take fara yi masa. Kafin jiƙo, kafin sannu, takalmansa take kwashewa ta jefa a rumbu, wai mai ciwo ba shi da wurin zuwa. Ku da kuke dariya, rabinku kun taka tsakar gidan nan da ƙafa tsirara, kada wanda ya musa mini.

Ni nawa ya same ni ne lokacin da nake kabu-kabu, ina jigilar buhuna daga Illela zuwa Konni. Zazzaɓi ya kwantar da ni, maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya, wuya duk kaluluwa, ga gajiyar da ko cokali na ɗaga sai na huta. Inna, yayar mahaifiyata, ta sa ni gaba sai asibiti. Likita ya duba jini, ya danna mini ciki, ya ce sunan ciwon mono, ta yawu ake ɗaukarsa, kuma maganinsa hutu ne da shan ruwa da kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri. Sannan ya ce saifata ta kumbura. In na ɗauki nauyi ko na faɗi a kan babur tana iya fashewa, in kuwa ta fashe ba lallai a kai ni Sakkwato da rai ba.

Inna ta ce, "Likita, ba allura ko guda?"

Ya ce, "Babu, Hajiya."

"To yau na ga likita mai hankali. Ɗan wa kake?"

Muna komawa gida ta ware mini moɗa, ta ɗaura mata jan ƙyalle. Da abokan sana'ata suka zo gaishe ni, a zaure ta tare su. "Ku ne masu shan shayi ku goma da kohi guda ko? Ku gaishe shi daga nan, yana jin ku." Haka suka yi ta ɗaga murya kamar masu kiran fasinja.

Kurkurar kuwa haɗa ta ta yi da alwala, don kada in ce na manta. Kuma dole ta ji ƙarar daga ɗakinta. In na yi a hankali sai ta ce, "Sani, ban jiya ba. Sake." Har Malam Bello maƙwabcinmu ya aiko a tambaya ko raƙumi muka saya.

Akwai ruwan ɗumi da citta da lemun tsami, akwai kunun tsamiya safe da yamma. Zumar ce dai abin kallo. Wata 'yar kwalba ce da aka kawo mata daga garin Araba tun ban san shekarar ba. Tsinke take tsomawa, ta ɗiga a moɗa, ta lashe tsinken da kanta. Na ce, "Inna, wannan ai zumar ba ta san ta shigo ba." Ta ce, "Maƙoshinka ka ciwo, ba cikinka ba."

Da zazzaɓin ya sauka sai na ji kamar na warke. Ga ranar kasuwa ta zo, ga maigidana ya aiko cewa in ban fito ba zai ba wani jigilar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da ƙyar na samu wurin. Na zura silifas ɗin banɗaki, na lallaɓa rumfar da babur yake. Ina zuwa na tarar da kwando ɗaure tam a kan kujerar, da kaza a ciki tana kwanci, tana hararata.

Sai ga muryar Inna a bayana. "Mi kake biɗa?"

"Inna, duk faɗin gidan ga a rasa inda kaza za ta yi kwanci sai kan mashin ɗina?"

"Nan ta zaɓa. Ka tada ta ƙwai ya lalace, kai da Allah."

Na koma tabarmata, na ce ai kwancin kaza ba ya wuce mako uku. Mako uku ya wuce shiru. Na leƙa kwandon, ashe ƙwan zabi ta sa mata, don ta san ya fi daɗewa. Jigilar dai ta tafi hannun wani, na yi kwana biyu ba na amsa mata sannu, ita kuwa ko a jikinta.

Bayan 'yan zabin sun fito muka koma asibiti. Likita ya danna cikin, ya ce saifa ta koma daidai. Ina jiran Inna ta yi irin maganarta, sai na ga ta zauna a ƙasa, nan kan simintin, ta rufe fuska da gyale. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ta ce, "Ran da uwarka za ta rasu, hannunka ta sa cikin nawa. In ka mutu bisa hanyar Konni saboda buhun wani, mi zan ce mata?"

Ya Allah, ga shi yanzu Inna ta rasu, ta tafi wurin ƙanwarta da amsa a bakinta. Ka haɗa su a inuwar rahamarka, ka ba Inna Kulu hutun da ta tilasta mana, ita ba ta taɓa yi ba. Amin.