Ranar da Na Ara wa Sarki Wuyana

Kashin tattabara ya taɓa faɗa mini a ido da rana tsaka, ina tsaye na ɗaga kai kamar mai roƙon ruwa, kuma Baba Zotikus ne ya jawo mini.

Shekara talatin Zotikus ya yi a maƙerar kuɗi ta garinmu Nikomidiya, yana sassaƙa fuskokin sarakuna a jikin hatimin ƙarfen da ake buga sulalla da shi. Sarakuna biyar ya sassaƙa, bai taɓa sa ko ɗaya a ido ba. Hanci wajen mahauci yake arowa, haɓa kuwa ta surukarsa ce. Ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Da Sarki Kustantin ya karkata ga addinin Almasihu, sai umarni ya zo: a sabon sule sarki sama zai riƙa kallo, kamar mai addu'a. Zotikus ya gwada. Na farko ya fito kamar mai kurkure maƙogwaro, na biyu kamar wanda ƙayar kifi ta shaƙe. Shugaban maƙera ya ce saura gwaji ɗaya. In ya kuskure a sallame shi, a yanke masa rabon burodi da mai. Ga tsufa, ga ido ya fara hazo.

Ya iske ni a rumfata ta zaitun.

"Kai Turofimus, ara mini wuyanka. Ba abin da kake yi da shi sai haɗiyar giya."

Ya tsayar da ni a kan soronsa, yana zane.

"Yi fuskar mai tsoron Allah."

"Baba, ai ita ce wannan."

"Wannan ta mai jiran a ƙara masa miya ce."

A rana ta uku tattabarar ta yi aikinta. Na goge, na koma na tsaya, amma daga nan idona bai sake barin sama ba. Da fiffike ya motsa, sai gabana ya faɗi.

"Yauwa!" in ji tsoho. "Ko numfashi kada ka yi!"

Shugaban maƙera ya ga hatimin, har da share ƙwalla, wai bai taɓa ganin tawali'u irin wannan ba. Zotikus ya tsira da burodinsa.

Ran da sulen ya fito na je masa ina taƙama.

"Baba, yanzu duk daular Rum fuskata ake ɓoyewa a jaka. A riƙa gaishe ni da kyau."

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Fuskarka? Da ita na sa, ko makaho ya shafa sai ya dawo da kuɗin. Tsoron kawai na ɗauka, shi ma na tattabara ne."